Cigiya a Gindin Agogon Nguru

Ranar wata Talata ce, ranar kasuwar Nguru, a kakar shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, can ƙetaren teku. Rana ta ɗan karkata daga tsaka, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, wani mutum da ban taɓa gani ba yana riƙe da wuyan hannuna yana ja na ta tsakiyar jama'a. Hannunsa yana warin banda, gaban rigarsa duk ɓawon kifi. Bai zage ni ba, bai dake ni ba, har ma yana ce mini, “Yi shiru, ɗan Fillo, yanzu za a samo naku.” Amma ni na riga na ga inda muka nufa. A gabanmu, sama da rumfunan kaba da tarin buhunan gyaɗa, ga farar hasumiya nan tsaye, da zagayayyar fuskarta mai baƙaƙen hannaye biyu. Na turje, na zauna a ƙasa, na rungumi ƙafar wata rumfa har sai da ta girgiza. Mutumin ya ɓamɓare yatsuna, ya sunkuce ni ya saɓa a kafaɗa. Shekaruna bakwai ko kusa da haka, kuma na gama yanke wa kaina cewa ba zan sake ganin gida ba.

Gidanmu yana can gabas, a bakin fadama tsakanin Gashuwa da Katuzu. Fulani ne mu, amma kakannina sun daɗe da ajiye yawo. Muna da bukkoki da rumbuna da gonar gero, shanu kuma suna kwana a bayan danga. Aikina na safe shi ne kwance maruƙa daga igiya ɗaya bayan ɗaya, in bar kowanne ya ɗan tsotsa, sa'an nan in ja shi gefe in riƙe har a gama tatsar uwarsa. Maraƙin da ya fi ƙarfina yakan ja ni cikin kashin shanu, mata su yi ta dariya. In rana ta ɗaga sai mu kora su bakin ruwa, inda muke haɗuwa da 'ya'yan maƙwabtanmu Badawa, masu kamun kifi. Su suka koya mana kifa ciki a kan babban gora mu haye ruwa, mu kuma muka koya musu gina shanun yumɓu da ƙahonin farar ƙaya, kowane sa da sunansa da launinsa. Muna yin langa a kan rairayi har gwiwa ta kumbura, muna gaigayar goruba har haƙori ya yi tsami. Lokacin da gero ya fara nuna kuwa babu wasa, tun da hantsi muna kan rumfar gona da majajjawa muna korar tsuntsaye, muryoyinmu su dushe kafin la'asar. Babu mai agogo a cikinmu. Inuwar rumbu ce take gaya wa mata lokacin daka, dawowar shanu kuma ta gaya wa kowa yini ya ƙare.

Ni ne ɗan fari a ɗakin mahaifiyata, saboda haka ba a ɗakinta na tashi ba. Tun da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni. Ita nake kira Inna, a tabarmarta nake kwana, ita ke cire mini ƙaya, ita ke ɓoye mini curin fura a ƙarƙashin faifai. Mahaifiyata kuwa Adda nake ce mata, kamar yadda ƙannen mahaifina suke ce mata. Na san ita ta haife ni, amma sani ne da ba a furtawa, kuma ba ya canza komai a yinina. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa dubana ido cikin ido ba. In tana son in kawo itace sai ta dubi wajen itacen ta ce, “A kawo wancan.” In na faɗi na fasa gwiwa a gabanta sai ta ci gaba da kaɗa nononta, wata ta zo ta ɗaga ni. Ƙannena biyu tana goya su, tana yi musu tawai, tana kiran sunayensu tun daga bakin rijiya. Manya sun san wannan kunyar ɗan fari ce, har yabonta suke yi, suna cewa a duk rugagen fadamar babu mai kunya kamar Adda. Ni ba wanda ya yi mini bayani. Abin da na fahimta kawai shi ne, in Inna ba ta kusa, to ba ni da kowa.

Labarin agogon Nguru daga bakin Maina na fara jinsa, wani ɗan masunta da ya girme ni da kaɗan. Ya taɓa raka babansa kai banda can sau ɗaya, tun daga nan ya zama malaminmu a kan duk abin da ya shafi duniya. Ya ce a Nguru hanyar jirgin ƙasa ta ƙare, daga nan babu sauran ƙarfe sai rairayi. Ya ce kusa da tasha wani kamfanin Turawa mai sayen gyaɗa ya gina ɗaki siriri, dogo fiye da giginya, ba a kwana a cikinsa, ba a ajiye hatsi, aikinsa kawai ya yi ƙara. Har nan gaskiya ya faɗa, domin manya ma haka suke cewa. Duk wanda zai je Nguru daga wajenmu, in zai yi alkawari da wani, cewa yake yi su haɗu a gindin agogo. Amma Maina ya ƙara da abin da manya ba su faɗa ba. Muna zaune a kan gora, ƙafafunmu cikin ruwa, ya rage murya ya ce, “Kun san abin da ke buga ƙarfen? Yaro ne. An ɗaure shi da sarƙa a can sama. In ya gaji sai a sa shi a jirgi a kai shi bakin teku, a kamo wani.” Muka tambaye shi wane irin yaro ake kamawa. Ya ce, “Wanda ya ɓata a kasuwa ba a zo nemansa ba. Kuma in sun tambaye ka sunanka kada ka faɗa.” Sauran yara suka yi dariyar tsoro suka faɗa ruwa. Ni ban yi dariya ba, domin na tsaya ina lissafin wanda zai zo nemana.

A kakar nan Baffa, wato mahaifina, ya shirya kai bijimai Nguru, inda fatake ke saye su loda a jirgi. Mata kuma suka tara man shanu, don an ce can ya fi daraja. Da Inna za a yi tafiyar, ita ce ma ta ce a tafi da ni in ga gari. Ana saura kwana kaɗan kurkunu ya fito mata a idon sawu, ƙafar ta kumbura, ko bakin danga ba ta iya zuwa. Na ce na fasa. Baffa ya ce namiji ba ya fasa tafiya saboda ƙafar tsohuwa, kuma ana bukatar mai jan takarkari. Inna ta ɗaura mini sabuwar laya a wuya, ta ce wa Adda, “Ga shi nan, amana.” Adda ta dubi ƙwaryar da ke hannunta ta ce, “To.”

Mun kwana a hanya, mun shayar da shanu a Jajimaji, muka ci gaba cikin rairayi da kaba. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu tudu babu dutse, shi ya sa tun gari bai bayyana ba wani daga cikin makiyayan ya nuna da sanda ya ce ga agogo can. Na ga wani farin abu siriri ya tsaya shi kaɗai a kan itatuwa. Kowa ya yi murna, mata suka gyara ɗaurin kallabi. Ni kuwa na kasa ɗauke ido daga kansa. Duk inda hanya ta karkata yana nan yana kallonmu, kuma yana ƙara tsawo.

Da safiyar kasuwa maza suka wuce kara, wato kasuwar shanu, da bijimai, can ɗaya gefen gari. Mata suka jera ƙorai a layin masu nono. Adda ta nuna inuwar takarkari da haɓa ta ce, “A zauna nan.” Na zauna. Na ga abubuwan da ban taɓa gani ba: mutane masu baƙin rawani sun rufe fuska, 'yan kudu da gajeren wando, leburori suna gudu da buhu a ka suna waƙa. Can sai ga ayarin raƙuma ɗauke da kanwa, da wani ɗan taguwa fari yana bin uwarsa yana tuntuɓe da ƙafafunsa. Na ce bari in bi shi zuwa ƙarshen layi in dawo. Ina tsaye ina kallonsa jirgi ya yi kuka a tasha. Ban taɓa jin irin wannan ƙara ba, ta shiga kunnena ta fita ta tafin ƙafa. Ban san lokacin da na zura da gudu ba. Na ratsa masu tabarma, na ture tiren wata mai ƙosai, na faɗa wani lungu na fita wani. Da na tsaya, babu raƙuma, babu layin nono, sai kwandunan banda ko ta ina da mutane masu yaren da ba na ji. Na yi ta zagayawa ina kuka har mai bandan nan ya kama hannuna.

A gindin hasumiyar akwai wata 'yar ƙofa ta katako, da wani ƙaton mutum zaune a bakinta a kan benci. Tsohuwar rigar soja ce a jikinsa, yatsu biyu na hannunsa na hagu babu su, haƙoransa jajaye da goro. Kofur ake ce masa, shi ke gadin wurin, shi ke kula da agogon, yana murɗa shi don kada ya tsaya. Mai banda ya sauke ni ya ce, “Kofur, ga wani kuma.” Wannan “kuma” ta ƙarasa ni. Kofur ya durƙusa, ya tambaye ni sunana da Hausa, ya sake tambaya da guntun Fulatancin da ya iya. Na datse haƙora. Ya miƙo mini ƙuli-ƙuli, na ɓoye hannuwana a baya. Ya ce, “To, kurma ne. Mu hau sama a gan ka.”

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, al'adar kasuwar ke nan. Duk yaron da ya ɓata nan ake kawo shi, domin babu inda ba a hango hasumiyar. Kofur ya hau da shi, ya tsayar da shi a taga, ya yi cigiya. Ni dai abin da na sani shi ne an rufe ƙofa, duhu ya rufe ni, wuri ya yi sanyi yana warin kashin jemage da man inji. Kofur ya ɗauke ni ya fara hawa, matakalar katako tana kuka a ƙarƙashin nauyinmu. A sama wani abu yana bugawa a hankali, ƙwas, ƙwas, ba ya gaggawa ba ya fasawa. Da idona ya saba da duhun sai na ga sarƙa. Doguwa ce, baƙa, ta sauko daga sama da wani dunƙulen ƙarfe a ƙarshenta, kuma tana motsi kaɗan-kaɗan ba tare da kowa ya taɓa ta ba. A nan fitsari ya kuɓuce mini, ya jiƙa wa Kofur gefen riga. Ya ɗan yi tsaki kawai. Da muka kai sama na duba kowane lungu ina neman yaron da Maina ya faɗa. Babu kowa, sai ƙafafun ƙarfe masu haƙora suna cin juna, da ƙatuwar ƙararrawa, da tattabaru. Da wani yaron ne, da hankalinsa ya kwanta ke nan. Ni kuwa sai na ce a raina an riga an kai wancan jirgi, gurbinsa ne ake jira in cike.

Kofur ya tsayar da ni a taga, ya riƙe bayan rigata da hannunsa mai yatsu uku. Ya ɗauki wani mazurarin gwangwani ya kafa a baki, ya leƙa ta ɗaya tagar yana ihu: “Cigiya! Cigiya! Yaro ɗan Fulani, baƙar riga, laya a wuya! Mai shi ya zo gindin agogo!” Ban taɓa hawa abin da ya fi rumfar gona ba. Kasuwa duk ta kwanta a ƙarƙashina, mutane ƙanana, raƙuma kamar na yumɓu, ga jirgi can baƙi yana fitar da hayaƙi yana jira. A cikin wannan taro na hango wata mace tana gudu. Ba gudun mata ba, gudu sosai, kallabi a hannu, tana ture mutane, tana tsallake kayan da aka baza. Sai da ta matso na gane zanen. Ban taɓa ganin Adda ko da sauri tana yi ba. Da ta iso bayan rumfa ta ƙarshe, inda mutanen da suka taru za su iya ganinta, sai ta tsaya cak. Ta ɗaura kallabinta, ta gyara zane, ta share fuska, sa'an nan ta fito tana tafiya a hankali kamar mai zuwa ɗiban ruwa. Kofur yana kallon wancan gefe, bai gani ba. Ni ma da na gani ban fahimta ba, na ɗauka wani abu ne ya koro ta.

Muka sauko. Kofur ya tsayar da ni a kan matakala daga cikin ƙofa, shi kuma ya tare bakin ƙofar da jikinsa. Jama'a sun yi zobe. Adda tana tsaye a tsakiya, idonta a ƙasa.

“Ke ce mai yaron?”

“Ɗan gidanmu ne,” in ji ta.

“Gida ai da faɗi. Na ce ɗanki ne?”

Ta ƙara sunkuyar da kai. Ya waiwayo gare ni. “Kai, ɗan samari, ka san ta? Uwarka ce?”

Ban taɓa faɗin wannan kalma a kanta ba, kuma ban ga yadda zan fara a gaban mutane ba. Na ce, “Adda ce.”

“Ashe kana magana. To, ke kin ce ɗan gidanku, shi ya ce Adda. Yaro in ya ga uwarsa da gudu yake zuwa, wannan ko motsi bai yi ba. Mene ne sunan ubansa?”

Adda ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Wasu suka yi dariya, don kowa ya san mace irinta ba ta faɗin sunan miji. Wata tsohuwa Babarbariya mai sayar da goro a jikin bangon ta ɗaga murya da Hausarta mai karkata: “Kai Kofur, bar wahalar da baiwar Allah. Ɗan fari ne. Ba ka ga kunnensu iri ɗaya ba? Ko can Bama an cire maka sanin kunya tare da yatsun?”

“Iya, ke ce dai,” in ji Kofur, kuma babu wasa a muryarsa. “Kafin azumi ma ke kika ce mini haka. Mace ta zo nan ta sunkuyar da kai kamar wannan, kuka ce 'yar fari ce, kunya ce, na miƙa mata yarinyar mutane. Da la'asar uwar ta gaskiya ta zo. Ga ta can.”

Kowa ya juya. A can ƙarshen inuwar hasumiyar wata mata tana zaune a ƙasa ita kaɗai, ba ta sayar da komai, hannuwanta a kan gwiwa. Ashe duk Talata takan zo ta zauna nan tun safe. Dariya ta ɗauke. Tsohuwa mai goro ta sunkuya tana jera goronta. Sai wani daga baya ya ce, “Haka suke yi, ɓarayin yara.” Wani ya amsa masa. Na ga wasu samari suna duban ƙasa suna neman abin jifa, zoben kuma ya ƙara matsewa. Matan rugarmu suna can layin nono, Baffa yana kara, babu wanda ya san mu. A lokacin tsorona ya rabu biyu, ban san wanne ya fi girma ba, na sarƙar da ke motsi a bayana ko na abin da za a yi wa Adda a gabana.

Kofur ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, “Abu ɗaya na nema, kuma na rantse ba zan sake ba da yaro ba sai da shi. Ki kira shi da sunan da aka raɗa masa. Ni na san yadda yaro yake amsa sunansa. In ya amsa, ku tafi. In agogon nan ya sake bugawa ba ki kira ba, 'yan doka za su karɓe shi, ke ma su karɓe ki, ku yi bayani gaban alƙali.”

Adda ba ta motsa ba. Ina ganin zufa tana bin wuyanta, ina ganin babban yatsan ƙafarta yana tona ƙasa. Tsohuwar ta ce a hankali, “'Yar nan, faɗi mana. Ba wanda zai kai labari garinku.” Wata ta ce, “Yau ga ikon Allah, kunya za ta sa a rasa ɗa.” Ni kuwa na san ba za ta faɗa ba. Na san ta. Na ga ranar da sa ya take mini ƙafa a gabanta, ko ɗago kai ba ta yi ba. Na fara tunanin yadda za a gaya wa Inna, da wanda zai kwance maruƙa gobe. A sama ƙarfen yana ta ƙwas, ƙwas. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Can sai na ji wani gurnani a cikin bangon, sarƙar ta zabura, tattabaru suka tashi fuu.

Ƙararrawar ta buga. A cikin ƙofar nan ƙarar ba a kunne take tsayawa ba, har cikin haƙori take shiga. Mutanen da ke kusa suka toshe kunnuwa, Kofur ma ya runtse ido. A daidai wannan lokaci Adda ta ɗago kai ta dube ni, ido cikin ido. Na ga leɓɓanta sun haɗu sun rabu, sun sake haɗuwa sun rabu. Buba. Har yau ba zan iya rantsewa cewa kunnena ya ji ba. Amma na kurma ihu da duk ƙarfina, “Na'am!” Amsar tawa ta faɗo a tsakanin bugu da bugu, inda wuri ya yi tsit, duk taron ya ji ta. Na kutsa ta ƙarƙashin hannun Kofur, na je na damƙi gefen zanenta.

Da ƙarar ta lafa Kofur ya ce, “Ni fa ban ji komai ba.”

“Da kai aka kira?” in ji tsohuwa mai goro.

Ya durƙuso gabana. “Wa ya kira ka?”

“Ita.”

“Da wane suna?”

“Nawa.”

Ya daɗe yana dubana, ya dubi hannuna a kan zanen, ya dubi Adda wadda ta riga ta mayar da idonta ƙasa. Sa'an nan ya share fuska da tafin hannu ya ce, “Ku tafi. Ke kuma, gaba in za ki zo kasuwa, ki zo da kakarsa.” Mutane suka buɗa mana hanya, waɗanda suka nemi abin jifa suna cikin masu dariya. Hanyar ta bi ta gaban matar nan da ke zaune. Ta bi mu da kallo har muka wuce. Na fi jin tsoron wannan kallo yanzu fiye da yadda na ji shi a ranar.

Adda ba ta yi mini faɗa ba, ba ta tambaye ni inda na je ba. Ta bar ni ina riƙe da zanenta har muka hango layin nono, sa'an nan ta sa yatsu biyu ta zare hannuna ba tare da ta dube ni ba. Mun tarar ƙwaryar manta a kife, ita ta ture ta lokacin da ta tashi, man ya narke ya shige cikin rairayi. Tarin wata guda ne. Da Baffa ya tambaya ta ce ya zube, bai ƙara tambaya ba. Amma mata ba su bar maganar a Nguru ba. Ranar da muka koma gida, Inna tana zaune da ƙafarta a miƙe tana naɗe kurkunun a jikin tsinke, ta ce, “An ce wata ta yi tsere da jirgi a kasuwa.” Adda ta rufe fuska ta shige ɗaki. Inna ta jawo ni ta raɗa mini, “An ce sai da ta kira suna aka ba da kai. Ta kira?” Na ce, “Ƙarfe ne ya yi ƙara, Inna. Ba wanda ya ji komai.” Ta dube ni ta gefen ido, ta yi murmushi, ta ce in je in duba maruƙa.

Bayan shekara biyu aka sa ni makarantar elemantare a Gashuwa, inda malam ya zana fuskar agogo a allo ya koya mana karanta hannayensa, da bulala a ɗaya hannun. Na gaya wa Maina babu yaro a sama, ya ce ai ranar an ba shi hutu ne. Hasumiyar kuwa ta daɗe ba ta nan. Kamfanin ya tashi, agogon ya tsaya, damina ta yi ta cin bangon har aka rushe shi don kada ya faɗa wa mutane. Zuwana na ƙarshe na tarar da shagunan kayan babur a wurin, na tambayi samarin da ke zaune ko sun san gindin agogo, suka nuna mini wani mai gyaran agogon hannu. Yanzu yaro in ya ɓata, waya ake bugawa. Jikata tana kiran ɗanta na fari da sunansa tun daga ɗaki har ƙofar gida, tana rungume shi a gaban kowa, kuma ban ga laifinta ba, yaron ba zai taɓa zama yana lissafin wanda zai zo nemansa ba. Adda ta yi tsawon rai, ta ga 'ya'yana, ta goya su, ta kira kowanne da sunansa. Ni kuwa har ta koma ga Allah “a zo” da “a tafi” ne tsakaninmu, ban kuma taɓa tambayarta ko jiran ƙararrawar ta yi da gangan ba. Sau ɗaya ta kira ni, kuma ya ishe ni.